Gwajin Ɓargon Matar Tela

Tela ya fara tsorata ne ranar da matarsa ta kasa gama shanya. Ta zauna kan bokiti tana haki, leɓɓanta fari fat. Mace ce da ta raini 'ya'ya shida bai taɓa jin ta ce wash ba.

Ya yi ta sayo maganin ƙarin jini kwalba-kwalba, shiru. A asibiti aka ƙara mata jini, ba a jima ba ya sake sauka.

Likitar jini ta ce masa, "Baba, jajayen ƙwayoyin jininta sun yi ƙaranci, kuma girmansu ya wuce kima. Ina zargin ɓargo, can ake yin jinin. Sai mun ɗebo kaɗan daga ƙashin ƙugunta."

Da aka fito da allurar, gumi ya karyo wa Tela. Matar tana kwance ta harare shi. "Malam, kai da ka tsufa cikin allura, kai ne za ka suma?"

Ranar sakamako likita ta zaunar da su. "Ɓargon yana aiki, sai dai ƙwayoyin da yake yi gurɓatattu ne, suna mutuwa tun ba su yi amfani ba. Ciwon iri-iri ne. Wani yana saurin rikiɗewa ya zama sankarar jini, wani tafiyar hawainiya yake yi."

"Nata wanne ne?" in ji Tela.

"Mun ƙirga ƙwayoyin da ba su ƙosa ba, don yawansu ne abin tsoro. Na Mama ba su kai biyar cikin ɗari ba. Gwajin ƙwayar halitta kuma ya nuna wani ɗan yankinta ya gutsure. Ciwo mai wannan alamar yana cikin masu sauƙi, akwai maganin da yakan ji."

"Za ta warke?"

"Ba zan yi maka ƙarya ba, Baba, warkewa ɗungum da wuya. Amma ina sa ran za ta samu ƙarfi, ƙarin jinin ya ragu."

A baranda Tela ya juya wa bango fuska, kafaɗunsa na rawa. Matarsa ta ja hannun rigarsa. "Share fuskarka, kar yara su ɗauka na mutu."

Maganin ya wahalar da ita da farko, har aka rage mata. Daga baya jinin ya daina sauka. Wata safiya Tela ya ji ta a tsakar gida tana yi wa jikoki faɗa, murya har bakin titi. Ya dakatar da keken ɗinki, ya zauna yana saurare.