Gayya Ba Burukutu

Ruwa ya sauka a Shabu, maƙwabta duk sun ɗaga tulin doyarsu, amma gonar Terungwa tana nan a shimfiɗe kamar filin ƙwallo. Irin doyar da ya ajiye a rumfa ya fara tsiro. In aka ƙara jinkiri ya yamushe, noman bana ya wuce shi ke nan.

Ba hannu ya rasa ba. Da zai kira gayya, maza za su cika gonar. Sai dai a wurinsu ba a gayya sai da tukunyar burukutu, kuma mai gona ne ke fara kai ƙwarya baki a gaban kowa, don a san ba cuta a abin da ya kawo. Shi kuwa Terungwa ya bar sha tun girbin bara, ranar da aka ɗauko shi daga cikin kwata 'yarsa Wandoo tana kallo. Ya san halinsa sarai: in ya sha ƙwarya ɗaya, sai ya ga gindin tukunya.

"Baban Wandoo," in ji matarsa Member, "in tukunyar nan ta shigo gidan nan, ni da kai mun san inda za ta kai mu."

"Ba za ta shigo ba. Doya kuma sai na shuka."

"Da hannun wa?"

Ya tashi ya saka takalmi. Wata nas ta taɓa gaya masa akwai maza da suka bar giya, suna haɗuwa ran Asabar a ɗakin taron wani coci a cikin Lafia. Bai taɓa zuwa ba don kunya. Yau kam yana so ya ji yadda su suke yi da damina.

Ya tarar da kwaɗo a ƙofar. Mai sharar cocin ya jingine tsintsiya ya ce, "Tunda ruwa ya sauka ban ƙara ganinsu ba. Ƙila sun koma gidan jiya."

Terungwa bai yarda ba. Ya fito bakin titi yana tunanin wanda zai tambaya, sai wani ɗan okada ya taka burki a gabansa.

"Kai! Terungwa sarkin ƙwarya! Me ya kawo ka coci, yau ba Lahadi ba?"

Aloysius ne, wanda suka yi shekara da shekaru suna zama a benci ɗaya a gidan burukutu. Ya yi ƙiba, idonsa fari tas.

"Masu taron nan nake nema," Terungwa ya faɗa kai tsaye. "Na bari."

Aloysius ya dube shi daga sama har ƙasa, dariyar ta bar fuskarsa. "Hau, mutumina. Ni ma makara na yi."

Suka bi hanyar Arikya har kwalta ta ƙare. A wata gona sai ga maza a jere, garma na tashi tana sauka, tulin doya na bin bayansu. Aloysius ya kafe babur ya ciro garmarsa daga cikin ciyawa.

"Wa zai zauna a bencin coci damina na wucewa?" ya ce. "Dukanmu matsalarmu ɗaya, ba mu iya kiran gayya. Sai muka kwaso taron muka kawo gona. Yau na wannan, gobe na wancan."

Aka ba Terungwa aron garma, ya shiga layi ba wanda ya tambaye shi komai. Da rana ta take suka koma gindin mangwaro. Mai gonar, wani dattijo da ake kira Baba Iortyer, ya buɗe tukunya, ya ɗebo kunun zaƙi, ya fara sha kamar yadda aka saba. Sai ya riƙe ƙwaryar ya faɗi yadda makonsa ya kasance: an yi biki a gidan surukansa, ƙamshi ya kore shi bayan gari har aka watse. Aka yi dariya, ya miƙa wa na kusa. Mai ƙwarya ne kaɗai ke magana.

Da ta iso hannun Terungwa, ya kurɓa.

"Sunana Terungwa. Giya ta taɓa kwantar da ni a kwata. Na bari, ba na komawa. Amma irina na tsiro a rumfa."

"Ka ji shi!" in ji Aloysius. "Daga zuwa sai roƙon gayya."

"Rufa mana baki, ba kai ke da ƙwarya ba," Baba Iortyer ya ce. Ya juyo wajen Terungwa. "Ɗana, iri ba ya jira. Matarka ta iya kunu?"

"Ta fi matar Aloysius, Baba."

Ran Talata babura suka yi layi a bakin gonarsa. Maƙwabta suka fito kallo, wani ya leƙa tukunyar, ya ga kunu ne, ya taɓe baki ya wuce. Member ta tsaya a gefe, Wandoo na riƙe da zanenta. Terungwa ya cika ƙwarya, ya ɗaga ta yadda kowa zai gani, ya shanye a gabansu, sannan ya ɗauki garma ya ja layin farko.