Sitiyari Biyu a Rumfar Ciyaman

Duk tsawon shekarun da Ciyaman ya yi yana aiki, ba a taɓa kama shi da laifin yanke shawara ba. Kwamiti ake ba shi, ya zauna a kujerar tsakiya, ya saurari na dama, ya saurari na hagu, ya gyaɗa kai ya ce, "Za mu duba." Da wannan magana ya gina gida, ya aurar da 'ya'ya, ya kuma samu laƙabin da ya binne sunansa na yanka. Sai da ya yi ritaya ya gane ashe kujerar ake gaisarwa. Wayarsa da a da ba ta hutawa ta koma agogo. Yakan fito baranda da safe cikin manyan kaya, ya zauna har rana ta kore shi, ba mai leƙowa sai mai duba mitar wuta. Kaɗaici ya ci shi, kuma yana jin kunyar faɗa.

Wata rana ya kai motarsa gyara, yana jira ya zagaya bayan gareji, inda wani mai sayar da tsofaffin ƙarafa yake da fili. A can ya ga taraktoci biyu, irin na da, waɗanda aka daina ƙerawa tun yana saurayi. Ɗaya ja ce, mai dogon hanci da faɗin ƙugu. Ɗayar shuɗiya, gajeriya, kujerarta kamar kwanon awo. Ciyawa ta fito ta tsakanin tayoyinsu. Ciyaman bai taɓa riƙe sifana ba, bai kuma mallaki gonar da ta fi tabarma ba, amma nan take ya ƙudurta zai sayi ɗaya ya tayar da ita, ya yi mata fenti, a riƙa zuwa kallo. Da ya koma gida ya sa matarsa ta kwashe keken ɗinkinta da buhunanta daga rumfar bayan gida, wai wurin aiki yake so.

Saura zaɓe. A shagon aski ya yi suɓul da baka ya ambaci maganar, sai ga tsohon Hedimasta, da kumfa a haɓarsa, ya ce ai ko tambaya babu, ja ita ce tarakta.

"Haba Hedimasta," in ji mai kemis da ke jiran layi. "Wannan uwar shan man? Shuɗiyar ce ta yi wa talaka noma. Ja ban da ƙara me ta iya?"

"Kai me ka sani? Ka tsaya a kan maganin tari."

Aka gama aski musu bai ƙare ba, suka biyo Ciyaman gida don su ƙarasa. Washegari suka dawo, kowa da mai mara masa baya. Kafin wani lokaci barandar ta cika. Akwai tsohon direban tanka, akwai wani ɗan sanda mai ritaya da ba ya goyon bayan kowa amma yana son shayi, akwai ma waɗanda ba su taɓa ganin taraktocin ba, su ne kuma suka fi ɗaga murya. Ciyaman ya sa aka fito masa da kujera mai hannu, ya kafa ta a tsakiya. Matarsa tana ta dafa ruwa. In gardama ta yi zafi har ana nuna juna da cokali, sai ya ɗaga hannu a yi tsit, ya ce, "Za mu duba." Rabonsa da jin daɗi irin wannan tun ranar da aka yi masa walimar sallama.

Duk ƙarshen mako sukan cika motoci su je filin mai ƙarafa, wai ziyarar gani da ido. A wata ziyarar ce aka kusa yi masa ɓarna. Direban tanka ya buɗe murfin injin jar, ya ƙwanƙwasa lagireto, ya ce wannan ko yau aka zuba mata ruwa za ta riƙe, na shuɗiyar kuwa ya zama rariya. Mai kemis ya leƙa, ya ce, "Gaskiya ɗaya ce. A ɗauki jar."

Aka yi ta tafi. Ciyaman kaɗai ne bai tafa ba. In aka ɗauki ja, magana ta ƙare. In magana ta ƙare, wa zai zo kallon tsoho yana kokawa da noti mai tsatsa? Ya ce tunda abu ya zo ƙarshe, a bari ya kwana da shi, za su duba.

Da safe ya koma filin shi kaɗai. Ya ce wa mai ƙarafa lagireton jar yake so, shi kaɗai, kuma kada maganar ta fita. Mai ƙarafa bai tambayi dalili ba. Shi abin nema ya samu, don tarakta a ɗaiɗaice ta fi ta a dunƙule riba. Ciyaman ya kawo lagireto a bayan mota, ya shigar da shi rumfa, ya lulluɓe da tamfol.

Ziyara ta gaba aka tarar da jar ba lagireto. Mai ƙarafa ya ce wani baƙo ne ya saya. 'Yan shuɗiya suka farfaɗo, mai kemis ya janye maganarsa ta baya, ya ce dama nauyin baki ne ya sa shi. Baranda ta sake ɗaukar zafi. To amma sai shuɗiyar ta yi gaba da yawa, har Hedimasta ya fara sanyi. Ciyaman ya koma ya sayo famfon manta. Sai jar ta sake rinjaye, ya ɗauke mata fitilu da salansa. Haka ya yi ta yi kamar mai daidaita gashin baki da almakashi, ya rage nan, can ya fi tsawo, ya koma can. Kujerun taraktocin biyu suka tafi, tayoyin gaba suka bi su, daga baya har sitiyari. Tamfol ɗaya ya kasa, aka ƙaro na biyu. 'Yan majalisa kuwa suna ta tsine wa baƙon nan marar tsoron Allah, Ciyaman yana taya su da "Allah ya shirye shi."

Ranar da asiri ya tonu, sun zo da yawa, har da wani surukin Hedimasta da aka gayyato don ya raba gardama. Suka shiga fili, ba ja ba shuɗiya. Sai shacin inda suka kwanta, da baƙin mai a ƙasa.

"Ina taraktocinmu?" in ji Hedimasta.

"Waɗanne?" in ji mai ƙarafa, yana goge hannu da tsumma. "Ai ƙwarangwal ne suka rage. Masu narka ƙarfe sun zo jiya, na sa an yayyanka an loda musu."

"Da izinin wa? Kai ne ka yi ta sayar wa baƙi kayansu, yanzu kuma..."

"Ni fa a daina ɗora mini. Wane baƙo? Ga mai kayan nan a tsaye. Ranka ya daɗe, ka gaya musu mana. Duk wani abu mai amfani yana gidanka, ni ƙashi ka bar mini."

Aka juyo aka dubi Ciyaman. Ya buɗe baki, maganar da ta fitar da shi kunya tsawon rayuwarsa ta zo har leɓe, ta ga ba wurin zama ta koma. Ɗan sanda mai ritaya ne ya fara dariya. Hedimasta bai yi dariya ba. Ya ce shi da furfurarsa, ya yi ta ɓata da mutane a kan ja, har ya daina sayen magani a kemis ɗin unguwa, ashe wasa ake da hankalinsu.

Mai kemis ya kaɗa kai ya ce, "Ashe mu ne tsofaffin injinan da ake tayarwa."

Motar Ciyaman ta koma gida ba kowa a kujerar baya.

Ya ci gaba da fitowa baranda. Kujerun suna nan a jere yadda aka bar su. Ya samu labari majalisa ta koma gidan direban tanka, wanda ke shawarar ko ya rufe rijiyarsa ko ya ƙara mata zurfi. Da zaman ya ishe shi ya zagaya rumfa, ya yaye tamfol. Ga kaya nan tuli, ja da shuɗi a cakuɗe, na wannan ba ya shiga na waccan, kuma ko da suna shiga, babu jikin da za a ɗaura su. Ya ɗauko sitiyarin nan biyu, ɗaya a kowane hannu. Yana tsaye a haka matarsa ta shigo da kofin shayi guda.

"Kin san da kayan nan?" ya tambaye ta.

"Wa yake share rumfar, Baban yara? Tun daga lagireto na sani."

"Ba ki ce komai ba."

"Na ga kana cin abinci, kana dariya. Na ce bari in yi shiru." Ta ajiye kofin a kan kujerar shuɗiyar. "Amma da ka fito ka ce musu hira kake so, ba sai su zo ba?"

Ya dubi tulin kayan. Sannan ya ce, "Ba za su zo ba."

Ba ta musa masa ba, wannan ya fi yi masa ciwo. Ta juya za ta fita, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ni dai tun farko jar na fi so. Ba wanda ya tambaye ni ne."

Fuskar Ciyaman ta washe. Ya jawo mata kujerar jar da ƙafa, ya gyara murya. "To ai ita ma shuɗiyar tana da nata. Zauna ki ji, in muka duba..."

"A'a, ni ba 'yar kwamiti ba ce. Sau ɗaya na taɓa zaɓe a rayuwata, na kuma zauna da abin da na ɗauko, da tsatsarsa da komai. Ka sha shayinka kada ya huce. Gobe ina son rumfata."

Ta fita. Ya dubi kofin, ya dubi hannuwansa. Dole sai ya ajiye sitiyari ɗaya kafin ya iya ɗaukar kofin, ya tsaya yana tunanin wanne zai ajiye, har shayin ya huce.