Barcin Inna

Hafsat ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin masu ciwo mai tsanani. Ta daɗe a wurin har ta san irin numfashin da mutum kan yi in ajali ya matso: ja mai nauyi, sai shiru, sai wani ja.

Wata safiya aka kawo wata dattijuwa mai ciwon zuciya. Ta riƙe hannun Hafsat gam, ta ce, "'Yata, kada ki bar ni." Hafsat ta ce allura kawai za ta ɗauko. Kafin ta dawo matar ta cika.

Da ta koma gida a unguwar Babban Giji bayan azahar, ta tarar da mahaifiyarta kwance a tabarma. Ta tsaya bakin ƙofa tana saurare. Inna ta ja numfashi, sai shiru, shirun kuma ya yi tsawo. Hafsat ta saki jaka, ta durƙusa ta kama wuyan hannunta tana neman bugun jini. Ba ta ji komai ba.

Inna ta buɗe ido. "Lafiya, Hafsatu? Barci fa nake."

Daga ranar ta daina yarda da barcin kowa. Ko ƙanenta Faruk ya kishingiɗa sai ta tsaya kansa tana kallon ƙirjinsa. Ƙarar na'urorin asibiti kuwa har cikin salla take jin ta.

Rannan ta shirya za ta aiki, Inna ta ce, "Har za ki tafi?" Maganar dattijuwar nan ta faɗo mata. Ta daure ta hau adaidaita, amma suna isa Gyadi-Gyadi gumi ya jiƙe ta, ta ce da direban ya juya. Ta kira abokiyar aikinta Ruth tana haki.

"In na koma na tarar Inna ta mutu fa?"

Ruth ta ce, "Ni ma haka na riƙa tashin ɗana daga barci, ban gaya wa kowa ba. Koma gida, zan riƙe miki aikin. Gobe tare za mu ga likita."

An ba ta hutu da magani, daga baya aka mayar da ita ɗakin awon masu ciki. Ta samu sauƙi, amma in ta biyo ta ƙofar tsohon ɗakin takan ƙara sauri, kanta a sunkuye.