Kwaɗon Maigida

Duk kamfanin simintin nan ba wanda bai san Mai Kwaɗo ba. Bakanike ne na injin niƙa dutse, kuma bai taɓa shiga cikin injin ba sai ya kulle makunnin wuta da jan kwaɗonsa, ya rataya makullin a wuya. Matarsa kan tsokane shi, wai ko ita bai riƙe ta kamar yadda ya riƙe makullin nan ba.

Da can bakanikan suna da yawa, amma ƙwararru suka yi ta tafiya inda ya fi maiƙo, kamfani kuwa ko a jikinsa. Aka bar shi, dattijo ɗaya, da injuna biyu, yana zirga-zirga tsakaninsu kamar mai kashe gobara. Har aka saba, in ya bar kwaɗo a wannan ya ruga wancan, sai a sa zarto a yanke don kada aiki ya tsaya. Ya yi faɗa har ya gaji. Shi ne ya mutu cikin injin ranar Talata.

Manaja ya zo ta'aziyya, ya zauna a kujerar mamacin, yana ta sharar gumi.

"Sai haƙuri, Baba," ya ce wa matar. "Tsautsayi ne. Bincike ya nuna mantawa ya yi bai kulle ba. Kin san girma ya kama shi."

Kai, wannan magana ta fi mutuwar ƙona mata rai. Mutumin da ko tukunyar gas ba ya bari a buɗe, shi za a binne da sunan sakaci? Ta jawo ledar kayansa da aka kawo daga asibiti: hular kwano, takalmi ƙafa ɗaya, da makulli a igiyarsa.

"Ranka ya daɗe, in bai kulle ba, ai da kwaɗon na aljihunsa. Ga makulli. Ina kwaɗon?"

Manaja ya duba agogo, ya ce za a duba, ya fice.

Sai a lokacin ta lura da ƙaninta, Auta, raɓe a bakin ƙofa. Shi ne heluma, mai kula da ma'aikatan sashen, kuma mijinta ne ya sama masa aikin. Tun ranar Talata bai yarda sun haɗa ido ba.

"Auta, kai kana wurin. Don Allah ka gaya mini mijina bai manta ba."

Auta ya durƙusa, ya ciro abu daga aljihu ya ajiye gabanta. Jan kwaɗo ne, an yanke masa wuya.

"Yaya, motoci sun yi layi, ana ta kirana daga ofis. Na leƙa ban gan shi ba. Wallahi na ɗauka yana wancan injin, shi ne na yanke na kunna."

Ta ƙura masa ido. Yaron da ta goya a bayanta ne wannan. In ta kai kwaɗon gaba, sunan mijinta ya wanku, Auta ya tafi gidan yari, masu ofis kuma su kwana lafiya.

Ta zura makullin a kwaɗon, ta murɗa, ya buɗe ƙas.

"Ya kulle," ta ce, hawaye na zuba. "Ka ji ko, Auta? Ya kulle. Tashi ka sa takalminka, tare za mu je mu faɗa."