Sunan Baba Mai Wuta a Shafin Fim

"Sake karanta min wurin," in ji Baba Mai Wuta.

Malama ta gyara zama a kujerar roba, ta kusanto da wayar fuskarta. Karo na uku ke nan. Shafin wani tsohon fim ne a kundin ilimin nan na intanet da kowa ke iya gyarawa, fim ɗin tarihi kan wata sarauniya da ta ƙi miƙa garinta ga mahara. Shekara arba'in da ɗaya da yin sa.

"Ana cikin ɗaukar fitowa ta ƙarshe gobara ta tashi, ta halaka ɗaya daga cikin 'yan wasan. An ɗora laifin a kan sakacin mai haɗa wutar lantarki." Ta tsaya a nan, kafin sunan.

"Ƙarasa mana. Ai sunana ne, ba zagi ba."

Ta karanta sunan, cikakke, har da na mahaifinsa.

Shekara tara suna maƙwabtaka a benen nan, ita a sama, shi a ƙasa kusa da matakala, inda yake gyaran fanka da dutsen guga kafin ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Ba ta taɓa jin ya yi aikin fim ba. 'Ya'yansa ma sun dai san ya taɓa yi, shi ke nan. Jikarsa ce da ke jami'a ta rubuta sunansa a waya don ta yi wa ƙawayenta alfahari, sai ga wannan layin a gabansu duka. Ta bugo tana kuka. Tun ranar ba ta sake neman a ba ta shi a waya ba.

"Sau biyu na gaya wa darakta," ya ce, yana numfashi tsakanin kalmomi. "Na ce wayar nan ba za ta ɗauki fitila goma sha biyu ba. Ya ce rana na faɗuwa, sarauniyarsa ba za ta mutu a duhu ba. Na ce to ban da hannuna. Na tafi ɗauko waya mai kauri a mota. Kafin in dawo sun jona da kansu." Ya juya fuska bango. "Yarinyar da ta mutu, ita ce ta fito a baiwar sarauniya. 'Yan kunnenta suna aljihuna a lokacin, ta ba ni ajiya, wai bayi a wancan zamanin ba sa sa irinsu."

Auta, 'yarsa da ke jinyarsa, tana tsaye a bakin ƙofa da kofin magani, ta kasa shigowa.

"An ce ke kina rubutu a wurin nan, Malama," in ji Baba. "Ki cire min. Ba don ni ba."

"Zan gyara, Baba. Yau ɗin nan."

Ta gyara kuwa. A laburaren da take aiki, bayan an tashi, ta zauna ta sake gina shafin gaba ɗaya. Ta daidaita shekarar fitowar fim ɗin da aka rubuta ba daidai ba, ta ƙara sunayen masu ɗinkin kaya, ta tsara labarin sarauniyar yadda zai karantu. Layin gobarar kuma ta mayar da shi yadda Baba ya faɗa.

Washegari da safe duk gyaranta yana nan, ban da wannan. An mayar da tsohon layin, an bar mata saƙo cikin ladabi: an gode da aikinta, amma ba a karɓar abin da aka ji da baki, sai an kawo hujjar da aka wallafa. Tsohon layin yana da tasa, jaridar wancan makon.

Ta rubuta cewa mutumin yana raye, maƙwabcinta ne, daga bakinsa ta ji. Aka amsa: Allah ya ba shi lafiya, amma ƙa'ida ce. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ta san gaskiyarsu ce. Ita kanta sau nawa ta goge irin wannan a shafukan wasu, ba ta ko tsaya tunanin wa ke bayan maganar ba.

"Kotu ta sake ni ai," in ji Baba da ta gaya masa ana neman takarda. "Bayan wata bakwai. Wata jaridar mako ta buga, ɗan ƙarami, a ƙasan tallan sabulu. Na ajiye, ƙaura ta cinye."

Ta sauka ɗakin ajiyar tsofaffin jaridu na laburaren, ta kwana biyu tana ɗaga ƙunshi tana saukewa. Ta samu jaridar da ta zarge shi, fes, kamar jiya aka buga, har da hotonsa yana saurayi, ɗan sanda na riƙe da hannunsa. Ƙunshin jaridar da Baba ya ce ta buga sakinsa kuwa yana ƙarƙashin inda rufi ke yoyo. Ruwan shekaru ya manne shi ya zama kamar bulo. Ta sa wuƙar buɗe wasiƙa a hankali, takardar ta riƙa ɓarewa tana barin rubutun a jikin 'yar'uwarta. Ta ga rabin tallan sabulu. Ƙasansa baƙi ne kawai.

A kotu magatakarda ya ce fayilolin wancan zamanin an kwashe su lokacin da aka canza gini, ta dawo wata mai zuwa a duba. Darakta ya daɗe da rasuwa. Matar da ta fito a sarauniya tana raye, amma ɗanta ya ce a waya, "Hajiya, ni ma da ta haifa ba ta gane ni yanzu."

Kafin mako ya zagayo ƙafafun Baba sun kumbura har zanen rufa ba ya kwanciya a kansu. Ya daina cin komai sai ruwa a cokali. Ranar Talata da la'asar Malama ta shigo daga aiki, ya buɗe ido.

"An gyara?"

Ta dubi Auta. Auta ta sunkuyar da kai. Malama ta fito da waya, a nan gefen gadon ta goge layin, ta sake rubuta nata, ta adana. Ta san ba zai yi awa biyu ba.

"Ga shi, Baba. An gyara."

"Idona ba ya gani. Karanta."

Ta karanta masa: mai haɗa wutar ya yi gargaɗi sau biyu, ba ya wurin lokacin da aka jona, kotu ta wanke shi. Ya saurara baki a buɗe, kamar mai jin labarin wani.

"Auta, kira min jikar nan tawa ta duba."

Auta ta buga, wayar a kashe, tana aji. Ta tura saƙo. Sai bayan magariba amsa ta zo, Auta ta hau sama ta nuna wa Malama a bakin ƙofarta: "Na duba. Yana nan yadda yake." An riga an mayar. An kuma dakatar da Malama daga taɓa shafin na mako biyu saboda maimaita gyara ba hujja.

Suka sauko tare. Baba yana jira.

"Ta gani?"

"Ta gani, Baba," in ji Auta.

"To madalla." Ya lumshe ido. "Ki ce mata ta zo in an yi hutu. Kar ta bar karatu saboda ni."

Ranar Alhamis da hantsi ya cika. Malama tana ɗaure takalmi za ta fita aiki ta ji rediyon ɗakinsa ya yi shiru, sannan muryar Auta ƙasa-ƙasa tana kiran yayanta a waya. Ta zauna a matakala da takalmi ɗaya a ƙafa, ta daɗe ba ta tashi ba.

Jikar ta iso da yamma, an riga an kai shi. Doguwa ce, da goshin kakanta. Ta gaisa da masu zaman makoki, ta sha ruwa, sannan ta samu Malama a tsakar gida.

"Anti, ke ce kika yi ta canza shafin?"

"Ni ce."

"Abin da ya gaya miki, gaskiya ne?"

"Na yarda da shi."

"Ba shi na tambaye ki ba, Anti."

Malama ta tuna rabin tallan sabulu, da baƙin da ke ƙasansa. Ba ta da abin da za ta ɗora a hannun yarinyar. Yarinyar ta jira kaɗan, ta ce, "An gode da ɗawainiya," ta koma wurin uwarta.

Bayan kwana uku baƙi suka watse. Malama ta dawo daga aiki ta tarar Auta ta fitar da katifarsa ta jingina da katanga ta sha iska. Rana ta kusa faɗuwa, ba wanda ya tuna ya shigar da ita. A tsakiyarta akwai kwarmin da jikinsa ya yi, ga wurin kafaɗa, ga wurin ƙugu, soson bai tashi ba tukuna.