Faɗuwa Goma Sha Huɗu

Shekara arba'in Inna Tela tana yanka yadi a ƙasa. Tebur? Allah ya sauwaƙe! Sai ta shimfiɗa yadin a tsakar ɗaki, ta durƙusa, ta kishingiɗa har kuncinta ya kusa taɓa siminti, tana bin layin alli da almakashi. Burinta ɗaya a duniya, ta ƙare kwanakinta a ɗakin nan, kusa da keken ɗinkinta.

Babban ɗanta kuwa ya nace sai ta koma wurinsa. Ana cikin wannan ja-in-ja ya kawo wata yarinya mai bincike daga jami'a, da wasu 'yan na'urori kamar marfin kwalba.

"Mama, waɗannan su za su sa ki zauna a gidanki," in ji yarinyar. "In kin faɗi, su sanar da mu."

Inna ta yarda, har da sa albarka. Aka liƙa ɗaya a bango, aka rataya mata ɗaya a wuya. Wata uku yarinyar na zuwa, Inna ta ɗauke ta tamkar 'yar cikinta. Har riga ta ɗinka mata. A gaban yarinyar Inna ta kwanta ta yanka rigar, na'urar ta yi ƙara wai ta faɗi, suka yi ta dariya.

Ranar da rahoto ya fito, ɗan ya iso da kwalaye, yarinyar na biye da shi sanye da rigar.

"Inna, sau goma sha huɗu kin faɗi, kika ɓoye mini. Ga shi a rubuce. Yau za mu tafi."

"Ni? Yanka nake yi!" Ta juya. "'Yar nan, gaya masa. Rigar jikinki a ina na yanka ta?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Rahoton ya riga ya je hannun malamanta, an yaba wa na'urar da ta kama faɗuwa goma sha huɗu. In ta ce yanka ne, aikinta ya bi ruwa.

"Mama, abin da na'ura ta nuna ke nan."

Kai, ɗan Adam! Ashe kura Inna ta ba ajiyar nama. Cin amanar nan ta ji shi har ƙashinta, ko kuka ta kasa. Ta cire abin wuyan ta ajiye kan keke, ta miƙa hannu za ta ɗauki almakashinta, sai ɗan ya riga ta.

"Bar shi, Inna," ya ce a hankali. "Mai faɗuwa ba ta riƙe almakashi."