Mitar Kawu Muntaka

Kwana goma sha tara suka rage wa Misye Lusiyan a Jidda ranar da ya same ni ina jan manjagara a filin tsakuwa. Ni ma ban sani ba sai da ya faɗa mini da bakinsa. A cikin Faransawan da ke taruwa a filin kuwa, babu ko ɗaya da ya sani.

Filin yana bayan wasu gidajen haya a unguwar Ruwais, inda Turawa suke zaune cikin katanga ɗaya. Shekarata ashirin da biyu ina kula da shi. Daga Damagaram na zo aikin hajji, Allah ya haɗa ni da kafili nagari, wato wanda yake ɗaukar nauyin zaman baƙo a ƙasar, na zauna. Ɗan Faransancin da na tsinta a tashar mota can gida shi ya kawo ni cikinsu. Kowace Asabar bayan la'asar sukan zo su yi wasan da suke kira petank. A jefa ɗan ƙaramin ƙwallon katako, kowa ya yi ƙoƙarin ajiye ƙwallon ƙarfensa kusa da shi. Wanda ya fi kusa ya ci. Ɓangaren da ya fara kai sha uku shi ke da wasa.

Amma wanda ya ce wasa kawai ke kawo su bai zauna ya duba ba. A filin nan baƙo yake jin inda ake sayar da burodi irin na garinsu. A nan ake samun gida, a sami malamar da za ta koya wa yara Larabci, a sami aiki. Na ga mutum ya sauka daga jirgi ran Laraba bai san kowa ba, ya zo ran Asabar ya jefa ƙarfe a karkace, bayan wata biyu ga shi da ofis a Bagdadiyya. Shi ya sa suka kafa doka: ba mai zaɓar abokin wasansa. Kowa ya rubuta sunansa a 'yar takarda, a zuba a hula, a zaro bibbiyu. Hular tawa ce, hannun ma nawa ne. In kuma ƙarfe biyu suka yi kusa har ido ya kasa raba su, ni nake durƙusawa da mita in auna, abin da na faɗa ya zauna. Sunana Muntaka, amma Kawu suke ce mini. Sun ji a bakin ma'aikata, sun ɗauka sunana ke nan, ni kuma ban gyara musu ba.

"Kawu, sannu da aiki," in ji Lusiyan.

"Yauwa. Ka taka mini inda na share."

Ya ja da baya. Dogo ne, injiniya, yana da shekara hamsin ko kusa da haka. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Sannan ya yi magana. Aikin shimfiɗa bututun da ya kawo shi ya ƙare, kamfanin kuwa shi ne kafilinsa. Sun ba shi wata biyu ya nemi wanda zai karɓi iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, in bai samu ba a buga masa fita ta ƙarshe, shi da iyalinsa. 'Yarsa Solen saura mata wata huɗu ta yi jarrabawar gama sakandare. In suka tafi yanzu, shekarar ta lalace.

"To me kake so da ni?" na ce. "Ni ba ni da kamfani."

"Misye Furnel yana da shi. Na ji yana neman mutum irina. Sa'a ɗaya nake so a gefensa, Kawu. In muka ci wasa tare, zan iya ce masa mu sha kofi. Ka san yadda yake naɗe takardarsa kamar taba sigari. Ni ma yau haka zan naɗe tawa. Yatsunka za su gane su."

"Ka je ka gaya masa kana neman aiki mana."

Ya yi wata dariya marar daɗi. "Ba haka muke yi ba. Wanda ya ce ba shi da aiki, kowa sai ya matsa, kamar ya ce yana da tari."

"In sun tambaye ka fa, me kake cewa?"

"Ina cewa ina duba wasu hanyoyi."

"Sati shida kana duba hanyoyi, kana zuwa nan da guga a wandonka."

Na gaya masa yadda mu Hausawan Jidda muke yi. In aikin mutum ya yanke, sai ya tafi Bab Makka ya zauna wurin masu yadi, ya ce jama'a, aikina ya tsaya. Kafin magariba magana ta kai har unguwar Karantina. Wani zai yi masa dariya, wani zai ce ai dama ba ya zuwa da wuri, amma wani zai tuna da surukinsa mai neman direba. Lusiyan ya saurara har na gama, ya ce wannan ku ne, mu dabam muke.

"To hulata ma dabam take," na ce. "Matsa, ban gama shara ba."

Ba zan ɓoye ba, bayan ya tafi na tsaya da manjagara a hannu. Ina da 'ya, Rahama, na san abin da ake ji in karatun yarinya zai tsaya saboda takardar ubanta. Kuma wa zai cutu? Furnel zai yi wasa da wani ko ta yaya. Sai na tuna baƙin da suka taɓa tsayawa a bakin filin nan ba su san kowa ba, suna kallon hular nan don sun yarda ba ta san babba ba, ba ta san ƙarami ba. In na karkata ta yau don tausayi, gobe don me zan karkata ta?

Da jama'a suka taru, mutum goma sha shida, kowa ya miƙo takardarsa. Biyu a naɗe kamar taba. Na zauna a kan benci a gabansu na warware takardun duka, na shafe su a gwiwata, na ninke su iri ɗaya.

"Kawu, yau kuma sabon salo?" in ji Madam Odil, wata dattijuwa malamar makaranta da ke kawo kek kowace Asabar.

"Tsufa ne, Madam. Yatsu sun fara wayo da yawa."

Aka yi dariya. Lusiyan bai yi ba.

Hula ta haɗa Furnel da Madam Odil. Ta haɗa Lusiyan da Hatim, kuma ɓangarorin nan biyu ne za su kara da juna. Hatim ɗan Jidda ne, jikan mutanenmu da suka zo hajji tun zamanin tafiyar ƙasa. Ya yi karatu a Faransa, a can ya koyo wasan, kuma ba ya ɗaukarsa da wasa. Hausa yana jin ta sarai, amma in zai yi ta sai Larabci ya riƙa faɗowa ciki.

Tun jifan farko na gane abin da Lusiyan ya shirya. Tunda bai sami zama gefen Furnel ba, zai ba shi wasan ya tafi gida da farin ciki. Mutumin da na san hannunsa shekara uku, yau ƙarfensa ɗaya ya wuce, ɗaya ya kasa. Kowane jifan Furnel kuwa sai ya tafa ya ce madalla.

"Ya akhi, lafiya?" in ji Hatim. "Hannunka ne ko ƙafarka kake jifa da ita?"

"Yau ba ranata ba ce."

"Ranar taka kakata ta fi ta, kuma ta rasu." Ya juyo wurina da Hausa. "Kawu, wannan mutum esh fi? Ya sha wani abu?"

Na ce ya kula da wasansa.

Hatim ya ɗauki wasan a kansa shi kaɗai. Duk ƙarfen da Furnel ya ajiye, sai ya buge shi ya fitar. Furnel ya yi ja har kunnuwa. Gajere ne mai tumbi, yana da ƙyallen goge ƙarfe da aka saƙa sunansa a jiki, kuma kowa ya san ba ya son faɗuwa. Sauran suka bar wasanninsu suka zagayo. Sha biyu da sha biyu. Ƙarfen Furnel yana kusa da ɗan katakon, kamar taku ɗaya na jariri. Ƙarfe ɗaya ya rage, a hannun Lusiyan.

Ya jefa shi can gefe, jifan wanda ba ya so. Sai ƙarfen ya sami wani ɗan dutse da manjagarata ta bari, ya juya, ya gangaro sannu a hankali, ya tsaya ta ɗaya ɓangaren.

"Mita!" in ji kowa.

Na durƙusa. Na auna na Furnel, na auna na Lusiyan. Na ɗaga kai, idona ya faɗa cikin nasa. Ya ɗan girgiza kai kawai, yadda ba wanda zai lura. Bambancin bai fi faɗin ƙwayar shinkafa ba. Babu mai gani sai ni, don inuwata ta rufe mitar. Na sake aunawa, ko Allah zai sa na yi kuskure. Ban yi ba.

"Na Misye Lusiyan ne."

Hatim ya daka tsalle. Furnel ya tattara ƙarafansa, ya goge su ɗaya bayan ɗaya, ya ba su hannu da kan yatsu, ya ce yana da wani uzuri. Ko ruwan lemo bai tsaya sha ba. Muna jin motarsa ta fita daga ƙofa.

Lusiyan ya juyo kaina ina nan a durƙushe.

"Ka ji daɗi yanzu?" Muryarsa ta cika filin. "Abu biyu na roƙe ka, ƙanana! Kwana goma sha tara suka rage mini a ƙasar nan, ka sani! Ba ni da aiki, ba ni da kafili, 'yata za ta rasa jarrabawarta, kai kana nan da hularka da mitarka kamar alƙali!"

Sai ya ji abin da bakinsa ya faɗa.

Na miƙe na kakkaɓe gwiwa. Na duba fuskoki, kuma dole in faɗi gaskiya, ba duka maganarsa ce ƙarya ba. Mutum biyu da suka saba dafa kafaɗarsa suka shiga duba takalmansu, ba a jima ba suka sulale. Amma Madam Odil ta taho da wuƙar kek a hannu.

"Sati nawa ke nan?"

"Shida."

"Sati shida kana cin kek ɗina kana ce mini komai lafiya? Kai jaki ne, Lusiyan. Solen a ajina take. Zauna."

Ya zauna. Wani ya ciro waya, wani ya tambaye shi ainihin irin injinan da ya sani. Hatim ya matso kusa da ni.

"Kawu, kai ka sani? Lesh ba ka faɗa ba?"

"Ba maganata ba ce."

"Wallahi mutanen nan." Ya shafa kai. "Baffana Mazen, injinan sanyi nasa a bakin tashar jirgin ruwa kullum suna mutuwa. Wata uku yana neman muhandis, injiniya dai. Ni kuma ina wasa da muhandis kowace Asabar, yana ce mini yana duba hanyoyi!"

Abin bai zo da sauri ba. Wayoyin da aka buga ranar, yawancinsu ba su haifar da komai ba. Hatim ya kai Lusiyan gidan Mazen sau uku. Sau biyu ana shan gahawa da dabino ana tambayarsa labarin mahaifinsa da garinsu, ba a ko ambaci aiki ba. Ya zo mini kamar zai fashe, ya ce kwana bakwai suka rage, mutumin nan yana tambayarsa ko ana noman zaitun a wajensu. Na ce masa ya koma, ya sha abin da aka ba shi, ya bar duba agogo. A zuwa na uku Mazen ya ce, "Halas, shi ke nan, kawo takardunka." Saura kwana uku aka mayar da iƙamarsa hannun Mazen.

Aikin bai kai na da ba. Ya bar gidajen Ruwais ya koma wani ɗan bene a Bagdadiyya, yanzu da rigar aiki mai tabon mai yake yini. Solen ta yi jarrabawarta. Wata huɗu bai zo filin ba, da ya dawo kuma sai da ya yi Asabar uku bai gaishe ni ba.

A ta huɗu ya zo da wuri, ya tsaya daga bakin inda na share.

"Ka ji Furnel ya ɗauki mutum?" ya ce. "Wanda hularka ta haɗa shi da shi Asabar ɗin da ta biyo. Ofis mai kallon teku. Da ka ɗan karkata mitar nan, da kujerata ce."

"Mai yiwuwa."

"Shi ke nan abin da za ka ce?"

"Yaya yarinyar?"

"Ta ci." Ya gyara tabarau. "Ta ce in gaishe ka. Ban san wa ya gaya mata ba."

"Kai ka gaya wa Jidda duka."

Ya yi kamar zai yi dariya, ya fasa. Ya ciro 'yar takarda daga aljihu ya rubuta sunansa, ya ninke ta biyu a shafe, ya miƙo mini. Can bakin ƙofa wani baƙo yana tsaye da sababbin ƙarafa a jaka, yana waige-waige.

"Wancan bai san kowa ba," na ce. "Je ka nuna masa inda ake rubuta suna."